Bwana Mwinjuma da Takardarsa Mai Huji

Ranar da na fara shara a ofishin kamfanin zaren katani, irin wanda ake tufka igiya da shi, da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Tanga, kwanana tara da fita takaba. Ina goge ƙasa a wani ƙaramin ɗaki na baya, ba kowa, sai wani inji da ke kan tebur ya yi gyaran murya ya kama rubutu shi kaɗai, yana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na saki bokiti, na manne da bango ina karanta Ayatul Kursiyyu. A haka Bwana Mwinjuma, Allah ya jiƙansa, ya shigo ya same ni, ruwa ya malala har bakin ƙofa.

Bai yi dariya ba. Ya tsaya sai da na kai ƙarshen ayar, sannan ya ce shi ma ranarsa ta farko ita ya karanta, har sau biyu. Ya ce sunan injin teleks, mai rubutun kuma mutum ne kamar mu, yana can Landan, wataƙila ma mura yake yi. Ya raba mandazinsa, wato irin fankenmu na nan, biyu ya ba ni rabi, ya karɓi tsumma ya taya ni tsane ruwan. A ofishin nan in ka yi atishawa da safe, kafin azahar 'yan dako sun ji a bakin jirgi. Amma wannan maganar ba ta taɓa fita ba.

Mutum ne siriri mai dogon wuya, da tabarau da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. A gidan waya ya koyi aiki yana saurayi, kafin kamfanin ya ɗauke shi. In zai aika saƙo, sai ya buga, injin ya riƙa huda wani zirin takarda mai ruwan ƙwai, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Kowane harafi da nasa jerin hujin. In ya gama sai ya saka zirin a bakin injin, ya zuƙe shi fir, saƙo ya tafi. Wanda ya shigo ma haka yake fitowa da nasa zirin. Bwana Mwinjuma yana karanta hujin nan kamar yadda wasu ke karanta jarida. Yakan ja zirin tsakanin yatsunsa yana gyaɗa kai, wani lokaci har ya yi tsaki. In ya gama sai ya naɗe shi tsakanin babban yatsa da ɗan ƙarami, ya yi masa ɗauri kamar gammo.

Dokar ofis ita ce a jefa tsohon ziri a kwandon shara. Ni ce mai kwashe kwandon, kuma ban taɓa ganin ko guntu ba. Kullum bayan la'asar sai ya tattara su a jakar kaba, ya rataya a kekensa, ya tafi da su gida.

Sai da muka saba ya faɗa mini dalili. Shekara goma sha biyu kafin nan, wata rana manaja ya wuce ta gabansa, wani ziri ya maƙale a dunduniyar takalminsa yana jan sa a ƙasa, kuma ban-ɗaki ya nufa. Daga kujerarsa Bwana Mwinjuma ya karanta zirin yana wucewa. Saƙon wani ɗan kasuwa ne na Aden, ya rufe shi da in sha Allahu. Bai san lokacin da ya yi tsalle ya cafke ƙafar manaja ba. Manajan ya zaci maciji ne, ya hau tebur. Tun daga ranar bai ƙara yarda da kwandon shara ba, domin 'yan kasuwar Aden da Maskat da Karachi ba sa rubuta layi biyu ba su ambaci Allah ba. Niyyarsa ya kai gida ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya cire inda Sunan Allah yake, in an sami sarari. Sararin ne bai samu ba.

Gidansa yana unguwar Ngamiani, layi ɗaya tsakaninmu, ɗaki biyu da tsakar gida. Matarsa Bi Tufaha tela ce, mace mai jiki da murya, 'ya'yansu mata biyu duk suna gidan miji. Takardar ta fara da ƙarƙashin gado, ta hau kan kabad, ta cika buhuna, ta rataye a azara, ta shiga babbar tukunyar da ake dafa shinkafar biki. Daga nan ta hau gadon da kansa, ta ɓangaren bango. Kyanwa ta haihu a ciki sau uku. Ga shi takardar tana da mai a jikinta, warinsa ya kama yadin mutane, har wata amarya ta shiga ɗakin miji tana ƙanshin gareji. Duk Juma'a Bi Tufaha takan ciro tef ɗin awonta daga wuya ta auna abin da ya rage mata na gado, ta fito ta sanar da maƙwabta adadin inci.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Ya tambayi Shehen masallacinmu, aka ce masa ya ƙona, ko ya binne a wuri mai tsarki, ko ya sa a teku. Mai gidan hayarsu ya ce kada a yi masa haƙa a gida. Da ya gwada ƙona buhu ɗaya a tsakar gida, wutar ta tashi da girarsa duka biyu da gefen rufin maƙwabci. Wata biyu yana yawo da fuska kamar ta mai mamakin da ba ya ƙarewa. Sai ya hau kwalekwalen masunta ya kai buhu biyu can ciki ya zuba. Washegari ruwa ya dawo da su. Suka rataye a itatuwan bakin teku, suka naɗe ƙafafun masu jan koma, kuma duk garin an san mai su. Ya je ya tsince su tas, ya kawo gida, ya shanya a igiyar shanyar matarsa, a kan wankinta.

Ranar Bi Tufaha ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata unguwa ke nan. Ta sa aka ɗora keken ɗinkinta a motar garin Pangani, ta tafi gidan yayanta.

Bayan kwana goma direban motar ya kawo masa kaset. Ba shi da rikoda, sai ya kai wurin Mzee Fumo mai sayar da gahawa a bakin layi. Ya roƙa a rage murya, amma maɓallin rage muryar ya daɗe da karyewa. Ina kusa da wurin ina sayen gawayi, don haka ba labari aka ba ni ba.

"Salamu alaikum, Baban Rehema. Ina fata kana lafiya, kai da buhunanka. Shekara ashirin da shida ina dafa maka, ban taɓa kai ƙararka ko'ina ba. Amma ni ba kyankyaso ba ce da zan kwana cikin takarda. Ranar da na taho inci goma sha ɗaya suka rage mini a gadon nan, kai kuma ka san faɗina. In aka ga watan azumi ban ji an kwashe ba, wallahi a nan zan yi azumi, a nan zan yi salla, kai kuma ka sha ruwa da takarda. Na san a wurin Fumo kake sauraro. Fumo, ina gaisuwa. Ka rage masa gahawa, ba ya barci."

Maza suka yi ta tari a cikin kofunansu. Wani ya nemi a maimaita wurin kyankyason. Bwana Mwinjuma ya karɓi kaset ɗinsa, ya naɗe a hankici. Ya ce ta ambaci Allah a ciki, ba za a bar shi ko'ina ba. Ya kai gida ya ɗora a kan buhunan.

Kwana ashirin da uku suka rage a ga wata. Ya duƙufa karanta takardun shi kaɗai, kwana huɗu yana kan buhu guda, buhunan kuwa arba'in da ɗaya ne. Idanunsa suka yi ja, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, abincinsa ya koma soyayyen rogo a bakin titi. Na lura ya daina tsaki in yana karanta saƙo. Wata safiya na tarar da shi zaune yana kallon wani ɗinki da Bi Tufaha ta yi masa a gwiwar wando, yana shafawa. Da ya gan ni sai ya yi kamar ƙura yake kaɗewa.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba, kuma ban saba sa baki a zancen gidan mutane ba. Amma ranar ina tsintar shinkafa a faifai, sai na ga ai ban taɓa tambayar tsakuwa sunanta ba kafin in cire ta. Washegari na ce masa, "Bwana, ba sai mutum ya iya karanta duka ba. Nuna mini kamannin Sunan kawai." Ya dube ni ta saman tabarau, ya yanko guntu ya shimfiɗa a tafin hannuna. Huji biyu manne da juna, sai wasu biyu nesa da juna, sai irinsu kuma, haka dai. Kafin azahar ina gane shi ko a juye.

Na kai maganar wurin matan da muke karatun Alƙur'ani tare ranar Alhamis. Mu tara muka amsa, wasu don lada, wasu don su ga cikin ɗakin Bi Tufaha da idonsu. Kullum bayan azahar sai mu yi alwala mu shimfiɗa tabarmi a tsakar gidansa, kowa da almakashinta, ziri yana bi ta yatsu kamar carbi. Wadda ta samu sai ta yi salati ta yanke, ta sa a gwangwanin ganyen shayi da muka ajiye a kan kujera. Da farko wasu suna yanke duk abin da ya yi musu kyau a ido, sai ya bi ya tace. Wadda ta fi kowa sauri Bi Mgeni ce, tsohuwar da idonta ya kusa tafiya. Ita da yatsa take ji, tana yi tana ba da labarin haihuwarta goma sha ɗaya.

Matan suka dame shi da tambayar abin da sauran takardar ke cewa. Ya ce kayan katani ne da ranakun zuwan jirgi. Amma akwai wani dogon ziri da ya hango a hannun Bi Mgeni ya taso zai karɓe. Ta zauna a kai. Ta ce ba za ta tashi ba sai ya faɗi gaskiya, ko ita sa'ar uwarsa ce ko ba ita ba ce. Da ƙyar ya amsa cewa hirarsa ce da mai teleks na Mombasa, a kan ƙwallo, da kuma wanda matarsa ta fi iya dafa kifi. Aka tambaye shi wa ya ci. Ya ce tun shekara shida magana ta ƙare, na Mombasa ya sallama. Bi Mgeni ta ce wannan zirin ba na wuta ba ne, ta ba direban Pangani shi tare da bayani ya kai wa Bi Tufaha.

Duk buhun da muka gama sai a kai wa mai gashin burodi na unguwa, ya riƙa sa wa tanda kaɗan-kaɗan. Ranar ashirin da bakwai ga Sha'aban muka kai ƙarshen na arba'in da ɗaya. Gwangwanin bai ma cika ba. Bwana Mwinjuma ya riƙe shi da hannu biyu ya daɗe yana kallo, ya dubi ɗakin da ya zama fili har murya tana amsawa. Shehe ya binne gwangwanin a jikin katangar masallaci.

Bi Tufaha ta dawo ranar ashirin da tara, da la'asar, keken ɗinki a saman mota. Muna tsaye a ƙofa, ta wuce mu ta shiga. Ta ciro tef ta auna gadon daga bango zuwa baki. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashi, ta ɗaga kai ta dubi azara, ta buɗe tukunyar biki ta shinshina. Shi yana tsaye da hula a hannu. Sannan ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka rame. Je ka sayo kwakwa biyu, ka zaɓi masu ruwa." Ya fita da sauri har ya manta kekensa. Daga nan aka yi sabuwar doka, a ofis ake yanke Sunan kullum, ni da shi, abin da ke zuwa gida bai wuce cikin aljihu ba.

Shi da Bi Tufaha duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa zan faɗi wannan. A ƙarƙashin injin akwai wani ɗan akwati inda ɓurɓushin hujin ke zuba, ƙanana kamar riɗi. Aikina ne in zazzage shi a kwandon shara, kuma shekara huɗu ina yi. Bayan salla da mako guda, na ciro akwatin, sai hannuna ya tsaya. Na yi ta juya abin a raina, na ga in na yi shiru ba zan samu natsuwa a salla ba.

Na ce, "Bwana, Sunan nan, a jikin takardar da ta rage yake, ko a cikin abin da aka huda ya fita?"

Ya cire tabarau. Ya dubi akwatin, ya dube ni, ya dubi taga ta wajen Ngamiani. Na ga leɓensa yana motsi, na san shekaru yake ƙirgawa. Injin ya kama ƙara, saƙo yana shigowa, bai ko waiwaya ba. Can ya mayar da tabarau, ya sassauta murya.

"Bi Mwanaidi, ni da ke ba mu taɓa ɓatawa ba. Matata ta dawo. Jiya kifi ta dafa mini da kwakwa. Tambayar nan ki kai ta gida ki ajiye. Kada Shehe ya ji ta, kada Tufaha ta ji ta. Ni ma, don girman Allah, in kin ga na fara tunowa, ki ɗauko mini wani zancen."