Ƙwarin Garin Maigidana

Shekarar da maigidana ya koma karatu, falonmu na Hadeja ya zama gidan ƙwari. Ƙwarin gari nake nufi, jajayen nan da kowace mace ke tankaɗewa ta zubar. Shi kuwa kwalabe ya jera musu, da garin alkamata a ciki, har da hana ni kunna turaren wuta kada ransu ya ɓaci.

Ya yi mini bayani kamar yana aji. Wai ba ƙwaro ɗaya zai riƙa zaɓa ba, kwalba guda zai zaɓa. Duk kwalbar da ƙwarinta ba su yi yawa sun cinye garinsu ba, daga ita zai ɗebi iri ya zuba a sababbi. A haka, in ji shi, za a samu zuri'a mai kamun kai, mai duba na baya.

Na san inda ya dosa. Ƙannensa biyu sun matsa a raba gandun shinkafar da mahaifinsu ya bari a fadama, wajen Kafin Hausa. Su ke shiga ruwa har gwiwa, su ke kwashe abin da ambaliya ta rage. Namu aikin shi ne karɓar buhu a ƙofar gida. Maigida na son gandun nan har ransa, ba ya son ranar da za a ce an yanka shi.

Watanni suka wuce, ƙwarin suka ragu sosai. Murna ta sa ya kira autan ƙannen nasa ya zo ya ga darasi.

"Dubi ikon Allah," ya ce. "Gidan da ya haɗa kai shi ke ɗorewa."

Auta ya karɓi gilashin ƙara girma ya duƙa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Yaya, wannan babban me yake ci?"

Maigida ya leƙa. Ƙwai yake ci, da 'yan tsutsotsin gidansu. Kwalba bayan kwalba, haka. Ashe kamun kan ke nan.

"Su ma ƙananan ba sa magana, ko?" in ji auta, ya ajiye gilashin a hankali.

Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar maigidana sai tausayi ya kama ni. Da ruwa ya janye daga fadama, shi da kansa ya riƙe bakin igiyar awo, aka raba gandun.