Zaitun ɗin Abu Salim

Wata safiyar Juma'a, shekarar da na shiga aji uku, Makka ta tashi da wani sanyi da ba mu saba gani ba. Na hau saman benenmu na unguwar Kudai in kwaso shanya, sai na tarar da maƙwabcinmu Abu Salim, tsoho mai gasa burodi, tsaye ko hula babu. Wurin da bishiyarsa take yake kallo. Ba ta nan, sai shatin tsatsa da garwarta ta bari a ƙasa.

Zaitun ce, ba ta fi tsayina ba. Reshe ne ya taho da shi daga ƙauyensu a tsaunukan Falasɗinu, ya dasa a garwar mai. A saman benen nan muke carafke da 'yar gala-gala tsakanin igiyoyin shanya da akurkin tantabaru, kuma duk wadda tsakuwarta ta taɓa garwar sai ta zauna ta sha labarin ƙauyen. Wai gidajen dutse ne manne a jikin tudu, masallaci ɗaya, idon ruwa ɗaya a kwari, gonaki hawa-hawa kamar matakalar bene. Uwar reshen sunanta Rumiyya, don an ce tun zamanin Rumawa take tsaye, Turkawa suka zo suka wuce, Ingilishi ma haka. Mu dai gyaɗa kai muke yi, hankalinmu na kan wasa. Takardunsa ba sa mayar da shi gida, shi ya sa ba shi da buri sai ya ɗanɗana ɗa ɗaya na bishiyar nan kafin ya mutu. Ita ko fure ta ƙi yi.

Ashe kakarmu ce ta ɗauke bishiyar. Da magariba ta ji iska ta juya, ta sa yayyena maza suka sauko da garwar kicin, ta naɗe ta da bargo kusa da murhu. Da tsohon ya biyo sawu, har da alfahari ta tarbe shi. "A Sakkwato ko ɗan akuya ba a bari a waje cikin irin wannan ɗari," in ji ta. Ya daɗe yana kallon bargon, sannan ya ce, "Ya Hajja, Allah ya saka miki. Amma sanyin nan nake jira tun ranar da na dasa ta." A ranar muka san zaitun ba ta fure sai ɗari ya ratsa ta. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kaka ta ji kunya ƙwarai, ta aika masa da dambu har sau biyu.

Washegari zafi ya dawo abinsa. Bayan aikin Hajji Abu Salim ya ba wani direba garwar, ya ce a dasa masa ita a Ɗa'ifa, inda ake sanyi. Shi da kansa ya ɗaure ta a bayan motar, ya koma bakin tanderunsa. Bai ƙara hawa saman bene ba, kuma bai daɗe ba ya rasu.

Yanzu an rushe gidan, masaukin alhazai ne a wurin. Zaitun kuwa ga shi nan cike da kantunan unguwar Aziziyya, 'ya'yana suna ci ba sa tambayar daga ina. Nakan so a ce na saurara sosai, don ko sunan ƙauyen ban riƙe ba. Direban ma babu wanda ya tambaye shi a gonar wa ya sauke ta.