Tiya Ɗaya ta Gero, Tiya Uku ta Wake

Ranar Laraba da ta wuce, wajen ƙarfe goma na safe, ina tsaye a bayan aji a wata lise, wato babbar makarantar sakandare, ta Dogon Dutsi. Ɗalibaina suna zaune, ɗaya daga cikinsu tana gaban allo da alli a hannu. Tambayar da na ba ta tsohuwa ce, kowane malamin kimiyyar sinadarai ya san ta. An auna wani abu, an tarar a cikin giram ɗari nasa akwai giram 40 na karbon, giram 6,7 na idrojen da giram 53,3 na oksijen. A nemo yadda ƙwayoyin zarrarsa suka haɗu. Yarinyar ba ta yi jinkiri ba. Ta ɗauki ƙaramar lambar ta raba sauran da ita, ta rubuta C₆HO₈, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta juyo tana jiran yabo.

Amsar kuskure ce, amma na san ta kamar yadda na san tabon da ke ƙafata. Ni ma ita na taɓa rubutawa, har da layin biyu. Ina ganinta a allo sai na ji ƙamshin rairayin da ya sha ruwan farko, na tuna da kakata.

A wani ƙauye na wajen Ɗan Kassari aka haife ni. Da na samu shiga lise sai aka kawo ni birni wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai shagon kayan masarufi kusa da tasha. Ajin farko na lise sau biyu na yi shi. A shekara ta biyu an faɗa mini a fili cewa babu ta uku: wanda ya maimaita aji kuma bai kai goma bisa ashirin ba, sallamarsa ake yi. Sauran darussa ina lallaɓawa. Kimiyyar sinadarai ce take jan ni ƙasa, kuma makinta yana da nauyi a lissafin ƙarshe. A gwajin da na rubuta waccan amsa uku aka ba ni bisa ashirin.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya duba takardar, ya miƙo mini, ya ce, "In boko ya ƙi, ga shago. Ba wanda ya mutu don ya auna shinkafa." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma ni ban so shagon ba, kuma saura mako uku a yi jarrabawar ƙarshe.

Ya kamata in bayyana inda na maƙale, don ba rashin karatu ba ne. Na haddace komai. Na san mol ɗaya ƙwayoyi ne masu yawan da ake rubutawa da shida da sifili ashirin da uku a bayansa. Na san karbon 12, idrojen 1, oksijen 16. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da zai sa a raba da waɗannan lambobi. A inda na tashi, awo awo ne. Tiya, ƙwaryar da muke auna hatsi da ita, ba ta tambayar abin da aka zuba mata. A shagon Kawu kilo ɗaya na sukari da kilo ɗaya na gishiri dutse ɗaya ake ɗora musu a sikeli. To in an ce mini oksijen giram 53 ne, idrojen kuwa bai kai bakwai ba, ai magana ta ƙare, oksijen ya fi yawa. Duk lokacin da na zauna jarrabawa haddar sai ta gudu, wannan tunani na gida ya dawo ya zauna a wurinta.

Ranar wata Juma'a aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Wanda bai yi noma a rairayi ba ba zai san gaggawar da ke biyo bayan wannan ruwa ba. Ƙasarmu ba ta riƙe laima. Yau ka tona ka ga danshi har tsawon yatsa, gobe da yamma ka tona ka ga fari. Da la'asar na hau babur na tafi gida, littafina a cikin riga.

Kakata, mahaifiyar babana, tana da gamana, wato 'yar gonarta ta kanta ban da gandun gida. Tafiyar awa guda ce a ƙafa. Mutane suna shuka gero da ruwan farko, su dawo da wake bayan mako biyu ko uku. Ita kuwa tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ta daina zuwa sau biyu. Rana ɗaya take shuka su, layin gero, layin wake. Irin ma ita take ajiyewa. Geron yana rataye a zangarniyarsa har sai shuka ta matso a sussuka, waken kuma yana cikin tulu an cakuɗa shi da toka an liƙe bakin da laka saboda ƙwari. Awon iri aikinta ne, ban taɓa ganin wani ya yi mata ba.

A safiyar Asabar ɗin tana fama da ɗaure gwiwa da tsumma sai ta gan ni. Kamar yadda kakanni mata suke tsokanar jikokinsu maza, mijinta take kirana.

"Ga mijina ɗan boko ya zo. To yau na huta. Je ka ɗebo iri. Ramin gero ɗaya, ramin wake ɗaya, kowa da abokinsa."

Na shiga ɗaki na yi lissafi irin nawa. Ɗaya da ɗaya ta ce. Na cika tiya da gero har ta yi tozo, na juye a buhu. Na cika ta da wake, na daidaita tozon da tafin hannu don kada wani ya fi wani, na juye a wani buhun. Na ɗora su a amalanken jaki ƙarƙashin jarkar ruwa. Babana ya sauke mu a gamana, ni da Kaka da goggona, ya wuce gandu da amalanken.

Ni ne da sungumi, doguwar fartanyar da ake saran ramin shuka da ita ana tafe. Ina gaba ina sara, Kaka tana bin layi ɗaya da ƙwaryar gero, Goggo tana bin na kusa da shi da ƙwaryar wake. A jefa iri, a rufe da diddige, a taka gaba. Rairayin yana da sanyi a tafin ƙafa. Ba ka jin komai sai faɗuwar sungumi da kukan kurciya daga gawon da ke tsakiyar gona.

Hantsi bai gama ɗagawa ba Goggo ta koma wurin buhu, ta zazzage shi, ta ce, "Inna, wake ya ƙare."

Kaka ta tsaya. Ta dubi gonar, ba mu ci ko rabinta ba. Ta dubi buhun gero, yana nan da nauyinsa. Sannan ta dube ni.

"Mi ka ɗebo?"

"Tiya ɗaya, tiya ɗaya. Ke kika ce kowa da abokinsa."

"Rami na ce, ban ce tiya ba. Wanga miji, shekara nawa ana kai ka lakwal kana karatu?"

Goggo ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ni ban yi ba. Na ce a gaya mini nawa ya kamata in ɗebo. Kaka ta ce tiya uku ta wake. Na ce me ya sa uku. Ina jin ta so ta kore ni kawai, don rana tana hawa, amma ta ga da gaske nake tambaya. Ta tsunkulo gero da yatsu uku, irin tsunkulen da take jefawa a rami ɗaya, ta zuba a tafina.

"Ƙirga."

Na ƙirga, ashirin da 'yan kai. Ta tsinci ƙwayar wake ɗaya da ta maƙale a kusurwar buhu, ta ajiye kusa da su.

"Wa ya fi wani cika hannu?"

Na ce kusan ɗaya suke.

"To. Ramin gero ya ƙoshi da wannan. Ramin wake uku yake ci irin waccan. Tiyar da ka cika, ka tambaye ta ƙwaya nawa ta ɗauka? Ni ba na ƙirga gero, ba ni da ranar yin haka. Amma na san girman ɗaya, don haka na san abin da ke cikin tiya. Tashi ka tafi, ƙasa tana bushewa."

Na kama hanyar gida da sauri, buhu a kafaɗa. Na buɗe tulun, na auna tiya biyu, cikon ukun, na juyo. A hanyar dawowa ne, wajen wata fadama da ta bushe, maganarta ta daina zama maganar wake. Na san girman ɗaya. Sikeli nauyi yake ba ka, kamar yadda tiya take ba ka cika. Tambayar da ake yi mini a aji kuwa ba ta nauyi ba ce, tambayar rami ce: a haɗuwa guda, karbon nawa, idrojen nawa, oksijen nawa. Idrojen shi ne gero. Ba shi da nauyi, shi ya sa giram shida da 'yan kai suke kama da abin banza, alhali ƙwayoyin da ke ciki suna da yawa. Kuma 12 da 1 da 16 da na haddace ba ado ba ne. Ma'auni ne, kowane sinadari da nasa, an yanka su yadda kowanne zai ɗebo ƙwayoyi masu yawa ɗaya. Wannan ɗiba ɗaya ita ce mol.

Na ajiye buhun na tsuguna. Da yatsa na rubuta a rairayi. Arba'in a raba da sha biyu, 3,3. Shida da ɗigo bakwai a raba da ɗaya, 6,7. Hamsin da uku da ɗigo uku a raba da sha shida, 3,3. Sai yanzu ne ake rabawa da ƙaramar lamba, bayan nauyi ya koma ƙidaya. Ɗaya, biyu, ɗaya. CH₂O. Ban yarda ba, na share na sake. Na gwada da ruwa, wanda kowa ya san amsarsa: giram 2 na idrojen, giram 16 na oksijen, ya ba ni biyu da ɗaya. Na fito da littafin daga riga na gwada wata tambayar, sannan wata.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Da na ɗaga kai inuwata ta dawo ƙarƙashina. Na isa gamana na tarar sun gama geron da fartanyar hannu, suna zaune a gindin gawo. Kaka ba ta tambaye ni inda na tsaya ba. Ta tura yatsa cikin ƙasa, ta zaro, ta nuna mini. Ƙura ce a kai har gaɓa ta biyu.

"Sara da zurfi," ta ce.

Muka shuka sauran waken har la'asar sakaliya.

Makonni ukun da suka rage ban yi wasa da su ba. Kowace safiya kafin Kawu ya buɗe shago, ina zaune a bayansa ina aiki a kan kwalayen sabulu da aka yar. Na tsara wa kaina doka guda: duk lambar da aka ba ni da giram, ba zan kwatanta ta da wata ba sai na mai da ita mol. Na bi tambayoyin littafin ɗaya bayan ɗaya. Na koyi cewa in rabo ya ba ni ɗaya da rabi, ba a share rabin, ninka duka ake yi da biyu, don ba a shuka rabin ƙwaya. Na koyi cewa CH₂O tsarin rami ɗaya ne kawai. In an ce mol ɗaya na abin giram 180 ne, shi kuwa CH₂O giram 30, to sau shida ke nan, C₆H₁₂O₆.

Na kai wa malaminmu kwalayen ya duba, Mushe muke ce masa kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Mutum ne mai ƙarancin magana, daga wajen Tibiri. Ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wa ya nuna maka?"

"Kakata, Mushe."

"A wace lise ta yi?"

Na ba shi labarin tiya. Bai yi dariya ba. Ya ce in rubuta ma'aunin kowace lamba kusa da ita, giram ne ko mol, don a nan ake zubar da maki, ya ƙara mini tambayoyi biyar.

Yau Kaka ba ta da rai. Gamanarta tana hannun 'ya'yan Goggo, kuma iri a leda suke saye, an rubuta kilo a jiki. Ba na cewa hakan ya fi muni. Ledar tana faɗin abin da ke ciki, ba ta dogara da idon tsohuwa ɗaya ba. Sai dai ɗalibaina na yanzu, 'ya'yan 'yan kasuwa da ma'aikata, da yawansu ba su taɓa riƙe tsunkulen gero ba, suna da na'urar lissafi a waya, amma kuskuren bai canza ba ko da lamba ɗaya. Shi ya sa nake ajiye kwalba biyu a aljihun tebur, ɗaya ta gero, ɗaya ta wake. A ranar Larabar nan na zuba wa yarinyar gero a tafi, na ajiye wake ɗaya kusa da shi, na ce ta ƙirga. Ta ƙirga, ta koma allo, ta share layin biyu da kanta.

A jarrabawar ƙarshe ta waccan shekara na samu sha huɗu bisa ashirin a kimiyyar sinadarai, jimillata ta haura goma da kaɗan, na wuce aji na gaba. Waken da muka shuka da safe ya fito duka. Wanda muka shuka da yamma, rabinsa bai fito ba.