Katin Mutum Shida

A farfajiyar makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, layin karɓar abinci ya kai har bakin ƙofa. Ni ce mai awon shinkafa, don haka kowa ta gabana yake wucewa.

Wani dattijo yana tsaye shi kaɗai, babu mai kama masa buhu. Rigarsa ta koɗe, amma wankakkiya ce fes. Ƙafar tabaransa ɗaya da zare aka ɗaure ta. Yadda yake daidaita yara a layi da ido kawai ya sa nake zaton malamin makaranta ne kafin yaƙi ya tashe su.

Da layi ya zo kansa, sai ya miƙa wa mai rajista da ke gefena katinsa da hannu biyu.

"Baba, mutum shida ko?" in ji mai rajista.

"Ni na sa aka rubuta haka, 'yata. Amma a auna na mutum ɗaya. Kada in tare rabon wasu."

"Sauran fa?"

"A gada muka rabu ranar gudu. Suna tafe."

Ina zuba masa, shi kuma idonsa yana bakin ƙofa. Ya yi godiya ya juya, sai ya dawo ya rage murya.

"Idan wata mata ta zo da 'yan mata huɗu, ƙaramar tana ɗingishi, ku ce mata ina aji uku, kusa da taga. Na kama mana wuri."