Ɗauko Inna Daga Ƙonni

Sakkwato zuwa Gwadabawa

Ana idar da sallar asuba na ɗaura wa jakina akumari, na bar gidanmu na Ƙofar Taramniya, na fita ta Ƙofar Kware. A aljihuna akwai takardar da na samo daga ofishin Razdan, wadda ta ce ni Ummaru na tsaya wa mahaifiyata, ci da sha da makwanci duk suna wuyana. Tun rasuwar babana ta koma wurin wanta a Ƙonni. Yanzu shi ma ya rasu, idonta ya soma rauni, ba mai ɗebo mata ruwa. Ga shi kuma Turawa sun ja iyaka, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, ba a fita da mutum sai da izini.

Na haye gulbi ruwa iya gwiwa. Wani masunci da ya ji abin da zai kai ni Ƙonni ya ce mini, "Ka hanzarta, Malam. In ruwa yaz zaka, ba ka hayewa da tsohuwa." Na sha fura a Kware, mai tsami kamar an yi da gayya. La'asar sakaliya na sauka Gwadabawa, gidan wani majemi, ya ba ni tuwon gero da miyar kuka.

Illela zuwa Ƙonni

A Illela na yi ta raba ido in ga iyakar nan da ake ta faɗa. Ashe tarin duwatsu ne a gonar wani! Masu gadi suka juya takardata sama da ƙasa, suka ce in wuce.

Na tarar da Inna ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta kau da kai ta ce, "An iso lahiya?" Ban yi mamaki ba. Ni ne ɗanta na fari, Gwaggo Hajo ce ta rene ni, kuma tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In ta matsu sai ta ce "wane".

Gaban Kwamanda

Da hantsi muka je bariki neman izini wurin Kwamanda, Baturen Faransa. Tafintan Kwamanda baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa, a aikin soja ya tsinci Hausarsa. Ya nuna ni, ya tambayi Inna, "Wannan ɗanki ne?"

Ta ja mayafi ta ce, "Ɗan Hajo na."

"Sunansa fa?"

Ta ƙara jan mayafi, ta ƙi faɗa.

Na yi wuf na matso gaba. Na ce, "Ranka shi daɗe, kunya ta! Ɗan hwari nike!" Tafinta ya ce shi bai taɓa jin uwar da ke musun ɗanta ba. Kwamanda ya buga tebur, ya ce satar tsofaffi nake yi in sayar, a tsare ni. Ni da na zo ɗaukar uwata, ga ni ana neman igiyar ɗaure ni kamar ɓarawon akuya!

Mai gadi ya murɗe mini hannu ta baya, na yi ƙara. Sai na ji wata murya da ban san Inna tana da ita ba.

"Ku sake shi! Ummaru na! Ummaru, ni nih haihe shi!"

Matan da ke jira a bakin ƙofa suka hau salati. Ni kuwa na sandare, har aka sake ni ban sani ba. Kwamanda ya duba takarda, ya ga sunan ya yi daidai, ya buga hatimi, ya kore mu da hannu kamar ƙudaje. Shi bai san girman abin da ya tilasta mata yi ba.

Komawa gida

Na ɗora ta a jaki, ina ja. Har muka wuce Illela da Gwadabawa ba ta dube ni ba, ni ma na kasa dubanta. Mun haye gulbi ruwa ya kai ƙugu, hadari na haɗuwa a gabas. Muka shiga gida ana kiran azahar, na gode wa Allah, na kuma gode wa majemin Gwadabawa da ya sake saukar da mu.

Gwaggo Hajo ta tare mu a zaure tana tambayar yadda aka yi. Inna ta ce, "Lahiya lau. A ba wane ruwa, ya gaji."

Shekara tara ta yi a gidana kafin ta rasu, ba ta sake faɗin sunana ba. Sau ɗayan nan shi ke gare ni, kuma har yau ina jin sa a kunnena.