Gardamar Jirgin Mai da Injin Ruwan Nakkasa

Da ana goge magana bayan ta fita, da na goge wadda na yi wata La'asar a shagon mai shayi a unguwar Tandabawi da ke Makka. Ita ce ta rufe warshar mijin 'yar ƙanwata, wato shagon waldarsa, ta mayar da shi Maraɗi da mata da 'ya'ya huɗu. Abin haushin kuma, a kan jirgin sama aka faro, jirgin da ni da shi ba wanda ya taɓa gani sai a talabijin.

Na yi shekaru ina tuƙa motar mai a filin jirgin sama na Jidda. Aikina in kai mota ƙarƙashin fiffike, in ɗaura mesa, in jira, in kwance, in tafi. Iyakar abin ke nan. Karatuna allo ne da aji huɗu na firamare. Amma da na bar aiki na dawo Makka na zauna a Nakkasa, sai mutanenmu suka naɗa ni masanin jiragen sama. Jirgi ya faɗi a ƙarshen duniya, ni za a tambaya dalili, ni kuma in gyara zama in yi gyaran murya. Su sakarkaru ne da suka naɗa ni, ni na fi su da na karɓa.

Nakkasa dutse ne. Motar ruwa, da muke kira wayit, ba ta iya hawa lungunmu. A ƙasa take tsayawa, inji ya tura ruwan ta mesa zuwa tankunan da ke kan rufin gidaje. A shekarar da nake magana injinmu ya mutu murus, ga Hajji ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke cika da baƙi. Magidanta suka yi shawarar a samo sabo. Hanya biyu ce. Ko dai surukin nan nawa ya haɗa mana da hannunsa, don har ya auna lungun da matakalarsa ya zana a kwali, ko a sayo sabo fil na Turai daga wani dila a Jidda. Aka ce ni zan yanke, tunda ni ne babba kuma na san inji.

Akwai abin da na sani wanda sauran ba su sani ba. 'Yar ƙanwata ta zo da kanta ta durƙusa ta gaya mini cewa kafil ɗin mijinta, Balaraben da warshar da iƙamarsa, wato takardar zamansa, ke ƙarƙashin sunansa, ya ce in babban aiki bai shigo ba kafin Hajji zai rufe wurin ya mai da shi sito. In warsha ta tafi, takardar zama ta tafi. Ta ce, "Kawu, aikin nan shi ne zamanmu." Na ce mata ta tashi, Allah na nan.

A cikin makon ne muna zaune a shagon shayin, na wani mutumin Chadi, talabijin ta nuno wani ƙaton jirgi a sama, bututu ya sauko daga wutsiyarsa, ƙaramin jirgin yaƙi ya matso ya kama. Labarin shi ne Amurka ta daɗe tana ja-in-ja a kan wa zai ƙera wa sojojinta irin waɗannan jirage masu ba 'yan'uwansu mai a sama, kamfanin gida ko na Turai, kuma a ƙarshe an ba na gida.

Mai shayi, da ke kirana ya ammi, wato baffa da Larabci, ya ajiye buta ya ce, "Ya ammi, kai da ka san harkar, yaya ake ba jirgi mai yana tafiya? Ni ko shayi ba na iya zubawa ina tafiya."

Wani ɗalibin ilimi Basakkwace, da muke kira Ustaz, ya ce, "Wanga ai taguwa ce tana shayar da ɗanta tana gudu."

Aka yi dariya. Ni kuwa na ɗaga hannu aka yi shiru. Na yi bayanin bututu da mesa kamar ni na ƙera su, sannan na ce sun bar mai kyau sun ɗauki nasu don son kai. Da me na san wanda ya fi kyau? Wallahi da babu. Har yau ban san wanne ya fi ba. Na dai ga a majalisa wanda ya kushe abu shi ake ɗauka ya san abin.

Surukina yana gefe kan akwatin lemo, hannunsa duk tabon wuta. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Kawu, ni dai a ganina sun yi dabara. Wanda ya ƙera maka abu a bayan gidanka, ran da ya lalace ka san ƙofar da za ka buga."

Magana ce mai hankali, kuma shi ya sa ta ƙona ni. An gyara mini zance a gaban mutane, kuma mai walda ne ya gyara. Na juya na ce, "To jama'a, ga shugaban kamfanin gida ya yi jawabi! Kai da kake liƙa ƙafar kujera da safe ta karye kafin Magariba? Mu ba Amurka ba ne. Ba za mu sha ruwa da tarkacen bola don mai tarkacen namu ne ba."

Shagon ya ɗauki dariya. Mai shayi har da buga tire yana cewa, "Halas, ya ammi ya gama magana!" Ustaz kaɗai ya sunkuyar da kai. Surukina ya ƙarasa shayinsa, ya ce, "Allah ya huci zuciyar Kawu," ya fita. Kujerar da na ambata kuwa babu ita. Ban taɓa ganin aikinsa ya karye ba. Ban ma taɓa taka warshar tasa ba, ga ta tafiyar minti goma daga gidana.

Mutanenmu na Makka ba su da rediyon da ya fi bakinsu. Kafin Juma'a lungu biyu da ke shirin ba shi irin wannan aiki sun janye, wai masanin jirgi ya ce aikinsa na bola ne.

Muka tafi Jidda mu uku, na sa farar jallabiya. Dilan ya zaunar da mu cikin sanyi, ya ba mu gahawa da dabino, ya kira ni ya shaikh har sau bakwai. Ya buɗe littafi mai sheƙi da hotuna, rubutun ciki ba wanda ya iya karantawa a cikinmu, muna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Injin shuɗi ne, yana ƙamshin sabon fenti. Na zagaya shi, na ƙwanƙwasa shi da zobe, na ce ya yi. Ya ba mu takardar daman, wato garanti, mai hatimi biyu, na naɗe ta na sa a aljihun gaba.

Ran da wayit ta zo, rabin lungu ya sauko kallo. Direban, wani ɗan Yaman, ya jawo mesarsa ya kai bakin injin, ya juya, ya sake juyawa, ya dube ni. Bakin bai yi daidai ba. Nasu na Turai ne, na motocin nan wani iri ne daban, ko kusa ba su haɗu ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina ɗaura mesa, abu ɗaya tak da na sani a duniya, shi ne ban auna ba. Na tsaya ƙwanƙwasa fenti.

Na buga wa dilan. Yanzu ba ya shaikh, sai "Na'am, wa ke magana?" Ya ce akwai mahaɗin, amma sai an aiko daga waje, bayan Hajji in sha Allah. Na ce ga daman a hannuna. Ya ce daman na lalacewa ne, injin kuwa lafiyarsa lau. Gaskiyarsa. Kwana shida mata da samari suna hawa dutse da jarkoki, shuɗin inji na zaune a ƙasa an rufe shi da bargo kada ƙura ta taɓa shi.

Kowa ya san ƙofar da za a buga, amma ban je ba. Mai shayi na aika. Surukina ya zo da zare a aljihu, ya auna bakin injin, ya auna na mesar, ya tafi. Washegari ya dawo da guntun ƙarfe tsawon tafin hannu, ya ɗaura, ya ce wa direba ya tayar. Ruwa ya hau har gidan ƙarshe, ko ɗigo bai zuba ba. Wannan guntun ƙarfe shi ne aikin ƙarshe da ya fito daga warshar. Bai kai babban aikin da kafil ke nema ba. Kafin alhazai su sauko daga Mina an cika wurin da katifu.

Ba zan yi wa injin ƙarya ba, ya yi aiki shekara da shekaru har aka zo rushe unguwar. Kuma ku ji halin mutanenmu: ni suka riƙa yabo. A ce, "Ka ga zaɓin wanda ya san jirgi." Ba mai tuna abin da ke tsakanin injin da mesa. Ni kuma in yi murmushi in ce Alhamdulillahi.

Ran da za su tafi ya zo sallama, matarsa na bayansa. Na ba shi jarkar zamzam da kwalin dabino, na yi masa doguwar addu'a irin ta manya. Kalmar da ya kamata in faɗa tana bakina, na haɗiye ta, don akwai maƙwabta a tsaye. Ya ce, "Kawu, a yafe mu." Shi ya nemi yafiya. 'Yar ƙanwata ba ta ɗago kai ba har suka gangara.

Ina bugawa Maraɗi duk Sallah. Ita ke ɗauka, ta gaishe ni cikin ladabi, ta tambayi ƙafata, ta ce maigidan ya fita. Kullum ya fita.

Ina roƙon wanda ya karanta wannan kada ya bi sawuna. In naka ya kawo aikin hannunsa, tashi ka je ka gani da idonka kafin ka buɗe baki, in ya so ka ƙi bisa hujja. In kuma ka riga ka zalunce shi, ka ba shi haƙuri tun yana tsaye a ƙofarka, ko da duk unguwa na kallo.