Kujerar Gaba a Ajin Farfesa

Rayuwar Farfesa a kan abu ɗaya ta ƙare: littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da Faransanci bayan tafiyar Turawan mulkin mallaka. A aji kullum cikin tausaya wa marubutan yake, wai an raba su da harshen uwa. Matarsa tela ce, ba ta jin ko zo in kashe ki da Faransancin. Takan tsokane shi, "Baban yara, ka dai riƙe naka da kyau."

Bayan ya yi ritaya sai ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya samu sauƙi, amma Hausa ta ɓace masa ƙaf, Faransanci kaɗai ke fita. Likita ya ce akan samu haka. Ita dai abin da take roƙon Allah kalma ɗaya ce daga bakinsa, da harshen da ya nemi aurenta da shi, kafin ɗayansu ya rasu.

Kowace hantsi sai ya yi mata nuni ta jera kujerun falo, ya dogara sanda ya fara darasi. Da farko dariya abin ya ba ta. Sai ta lura yakan yi shiru, ya karkata kai wajen kujerar gaba ta hagu, ya saurara, sannan ya ba da amsa, wani lokaci da faɗa. Ran nan har ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda bai yi mata ba tun faɗuwarsa. Tsoro ya kama ta, haushi kuma ya fi tsoron. Ta daina taka keken ɗinkinta a lokacin, don da ta taka sai ta ji kamar wani ya yi gyaran murya a falon.

'Yarsu ta ce mata a waya, "Mama, ki shiga ajin mana. Ƙila ya kula ki."

Washegari ta yi kwalliya, ta shiga ta zauna a kujerar nan. Da ɗumi ta sami kujerar, alhali ba wanda ya shigo gidan.

Farfesa ya dakata, ya zuba mata ido. Can ya buɗe baki da Hausa tiryan-tiryan, da muryar nan tasa ta da.

"Baiwar Allah, tashi. Kin zauna a kan mutum."

Ta tashi. Har yau ita ke jera kujerun, ba ta kuma sake jin Hausarsa ba.